Ila Hayaƙi Ba Sunansa Ba Ne

Duk wanda ya san Baffa Ila ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara gaisawa da ƙwan fitila. Zai yi sallama, ya tuɓe takalmi, kai ka miƙa hannu, shi kuwa kansa na sama yana ƙare wa ƙwan ɗakinka kallo. Sai ya gama, ya yi tsaki ko ya gyaɗa kai, sannan ya tuna da kai: "Af, ina wuni?" Kun tuna ranar ta'aziyyar Malam Tanimu tela? Mutane sun yi jugum, Baffa ya shigo, ya ɗaga kai, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Amma wa ya sa muku mai ɗari a ɗan wannan zaure? Ai mai arba'in ya ishe ku kuka." Wallahi har 'ya'yan mamacin sai da suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Yau kun ce a sauke tsofaffin wayoyin zauren nan a yi sabon wayarin, kuma kun ce ni da na fi kowa zama da shi in ba da labarinsa. To zan bayar. Amma akwai labari ɗaya da kuka daɗe kuna bayarwa ba daidai ba, kuma shi ya hana ni sakewa shekara da shekaru. Ku bari mu fara da na dariya, ko na samu ƙarfin gwiwa.

Ga waɗanda ba su riske shi sosai ba, Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Babanmu. Sana'arsa wutar mota. Manyan motocin nan da ke jigila tsakanin Gumel da Maigatari har Damagaram, in fitila ta mutu ko batir ya ƙi, wurinsa ake zuwa. Ko aji ɗaya bai yi a boko ba, amma sukundirebarsa kullum tana soke a gefen hula. Ba shi da gonar kirki, babbar rigarsa ɗaya ce tak, amma yana da magana guda da yake tinƙaho da ita ko ba a tambaye shi ba: "Wayata ba ta taɓa hayaƙi ba." A tasha ya faɗa, a gidan suna ya faɗa, har mai aski yana riƙe da kansa sai ya faɗa. Kuma gaskiya ce, babu direban da ya taɓa ƙaryata shi.

Tattali kuwa, kai! Baffa bai yarda ƙwan fitila yana mutuwa ba. Duk wanda aka yar a gari sai ya tsinto, har ya cika kwandon kaba guda a ɗakin Inna Kande, matarsa.

"Malam, waɗannan matattun ƙwayayen naka fa? Kazata ta rasa wurin kwanci."

"Ba matattu ba ne, Kande. Suma suka yi."

Sai ya ɗauki ɗaya ya jona, ya riƙa ƙwanƙwasa shi da farce yana juyawa a hankali, har zaren cikin da ya tsinke ya taɓa ɗan'uwansa, ƙwai ya kawo wal! Ya dubi Inna da murmushin nasara: "Kin gani? Ya farfaɗo." Daga nan kuma gida ya shiga doka. Ba buga ƙofa, ba tsalle, ko atishawa sai ka fita tsakar gida. Wata rana Inna ta yi dakan gero kusa da bango, da Magariba aka kunna, shiru. Baffa ya fito da ƙwan a tafin hannu kamar ɗan tsako.

"Kande, dakanki ya kashe min majinyaci!"

"To ka kai shi asibiti," in ji ta, "mu dai tuwo za mu ci."

Sai kuma ranar da muka taso daga suna a Sule Tankarkar, muka shiga motar 'yan kasuwar Maigatari. Alhamis ce, mota cike da mutane da awaki da buhunan wake. Direba ya girmama Baffa ya sa shi a gaba, abin da ya yi nadamarsa har ya bar tuƙi. Ko mil biyu ba mu yi ba Baffa ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ga wayoyi biyu an murɗe su tsirara.

"Direba, tsaya."

"Baba, rana ce tsaka, wa ke neman fitila?"

"Wuta ba ruwanta da rana. Tsaya na ce."

Ya kwanta rigingine, ƙafafu a waje, ya shiga aiki. Fasinja sai zage-zage suke ƙasa-ƙasa. Wata dattijuwa daga bayan mota ta ƙwala: "Baba, kasuwa za ta tashi!" Daga ƙarƙashin sitiyari muka ji muryarsa: "Kasuwa tana dawowa Alhamis mai zuwa, baiwar Allah. Ke in kin ƙone ba ki dawowa." Da muka isa, ana ta ɗaure kaya, ya dafa kafaɗar direban ya ce, "Salatif ɗin nan da na naɗa maka aro ne. In ka sayi naka ka dawo min da nawa." Kuma wallahi ya dawo da shi, a nannaɗe jikin tsinken kara, Baffa ya sake amfani da shi a wata motar.

To, yanzu ga wanda nake gudu.

Shekara biyu ko uku bayan an koma tuƙi ta hannun dama, aka jawo wutar injin gari unguwarmu. Takan zo da Magariba, ta tafi lokacin da ta ga dama. Baffa bai amince da ita ba, sai ya yi wa gidan nan wuta iri biyu. Akwai wadda yake kira Babba, mai ƙarfin ɗari biyu da arba'in, a jan waya, da manyan ƙwai. Akwai Ƙarama, mai ƙarfin sha biyu, a baƙar waya, da ƙananan ƙwayayen mota. In injin gari na aiki, Ƙarama tana shan wuta ta bakin taransifoma, wato wani ƙarfe mai naɗin waya da ke sauko da ƙarfin wutar. Shi ya naɗa abarsa da hannunsa, ya ajiye ta cikin akwatin katako a alkukin can da kuke gani. In an ɗauke, sai ya juya makunni ɗaya, Ƙarama ta koma kan batirin mota. Unguwa duk ta yi duhu, gidan Ila na haske. Har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo.

Ni a lokacin akawu ne a ofis, da takardar sakandare a ƙasan akwati, da wando mai faɗin ƙafa, da kai mai hayaƙi na gaske. Ina neman auren Rabi, 'yar Alhaji Bukari na Maigatari, dillalin shanu mai babban masauki na baƙin Faransa, wato fataken tsallaken iyaka irin na Damagaram. Alhaji ya sayi injin wuta, ya ji labarin wutar Baffa, ya aiko cewa zai zo ya gani da idonsa, in ta yi masa a yi wa masaukin irinta. Ku fahimci abin da wannan yake nufi ga Baffa. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, kwanciya ƙarƙashin mota ta fara gagararsa. In ya samu aikin nan, sauran attajiran Maigatari za su biyo layi, ya huta da birgima a ƙasan tasha. Saboda ya tabbata da kansa, har ya aika Kano a ɗoro masa babban naɗin waya a jirgin ƙasa.

Ni kuma na je Kano aikin ofis, na shiga wani babban kanti, na ga wani makunni mai ɗan murɗi. Mai kantin ya ce sunansa dima. Ka murɗa nan haske ya ragu, ka murɗa can ya ƙaru. Na ce shi ke nan, da wannan zan burge surukina. Na kawo wa Baffa ina hura hanci.

Ya juya shi, ya shinshina, ya kwance bayansa ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Abin kirki ne, Akawu. Amma na Babba ne kaɗai."

"Kamar yaya, Baffa?"

"Wannan ba rage wuta yake ba, gutsuttsura ta yake. Babban ƙwai bai damu ba, ka ba shi guntu ya ci. Taransifoma kuwa in ka ba ta gutsattsarin wuta, kuka za ta yi, ta yi zafi, ta ƙone. Zauren nan kuma layi ɗaya ke ciyar da manyan ƙwai da ita. Ka bari baƙi su zo su tafi, in raba layin, in sa maka abinka a ɗakinka."

"Baffa, Turawa fa suka yi shi. Ga takardarsa nan."

"Takardar ta san akwai taransifoma a zaurena?"

A raina na ce tsoho ne, kishi yake, ba ya son a ga abin da ba hannunsa ya yi ba. Allah ya yafe min.

Ranar da baƙin za su zo, Baffa ya yi sammako ya tafi Gagarawa Tasha karɓo wayarsa. Da azahar, lokacin ba wuta, na cire makunnin zaure na ɗaura dimata a gurbinsa, na rataya kalanda a kai. Na san halinsa sarai, sama yake kallo, ba ya kallon gefe. Da wannan halin nasa da muke dariya na cuce shi. Ya dawo bayan La'asar a gajiye, da naɗin waya a kafaɗa, ya ɗaga kai ya duba ƙwayayensa, ya ce, "Madalla," ya shiga wanka. Ya fito cikin babbar rigarsa ɗaya tilo.

Alhaji Bukari ya iso da wani abokin cinikinsa Badamagare, ƙaton mutum mai rawani, wanda ke kiran lantarki kuran. Aka yi Magariba, wuta ta zo. Baffa ya shiga nuna aikinsa: ga Babba, ga Ƙarama, ga yadda ake komawa batir. Alhaji sai jinjina kai yake. Ya ce, "Malam Ila, ba sai an ja magana ba. Ranar Asabar zan turo mota." Na ga Baffa ya sunkuya yana gyara hular da ba ta karkace ba, don kada a ga farin cikinsa. An gama fa! Da na zauna a inda nake, da an gama lafiya.

Sai na miƙe. "Alhaji, akwai saura."

Na ɗage kalanda, na murɗa. Manyan ƙwai suka yi ƙasa a hankali har suka koma kamar garwashi. Alhaji ya ce, "Ikon Allah!" Badamagare ya tafa hannu. Na waiwaya in ga Baffa. Sunana kawai ya kira, "Habu," a hankali. Shekara nawa bai kira ni da sunana ba sai Akawu.

Ƙananan ƙwayayen suka fara ƙyafta ido, akwatin alkuki ya soma wani gunji. Baffa ya ce, "Alhaji, a mayar da shi yadda yake, ya fi."

"A'a, a bar shi haka. Ya fi daɗi a ido. A kawo tuwon nan."

Baffa ya yunƙura, Alhaji ya riƙe masa riga: "Zauna, Malam, ka wuni a hanya." Kun ga inda na saka shi? In ya nace, dole ya faɗi dalili, ya ce ɗansa ya saɓa maganarsa ya yi aikin banza, a gaban mutumin da ɗan ke neman 'yarsa. Sai ya zauna, loma a hannu ya kasa kaiwa baki, ido na kan alkuki, gumi na bin wuyansa. Ni ma na ji gunjin yana ƙaruwa. Taku uku ne tsakanina da makunnin, amma girman kai ya danne ni a tabarma.

Badamagare ya karkata kunne. "Malam, zuma kuke kiwo a ɗakin ga?"

Kafin a ba shi amsa wari ya tashi, sai fau! Ƙananan ƙwai suka mutu, hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe, harshen wuta ya leƙo daga akwatin. Badamagare ya zabura yana salati, ƙafa ɗaya cikin kwanon miyar kuka, ya fita da shi har ƙofar gida, rawani na binsa a baya. Alhaji ya bi da takalmi wari ɗaya. Wannan shi ne wurin da kuke tuntsirewa da dariya duk sanda aka ba da labarin, ni ma ina taya ku. Abin da ba a faɗa shi ne Baffa ya fizge fiyus, ya tuɓe babbar rigarsa ya danne wutar da ita, tafin hannunsa na dama ya saluɓe. Ni kuwa ina tsaye riƙe da kalanda.

A ƙofar gida maƙwabta sun taru. Alhaji yana tari, ya ce, "Wai wa ya ɗaura wannan abin?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, amma ba abin da ya fito.

"Ni ne, Alhaji," in ji Baffa. "Ni na ɗaura, na ce yaron ya nuna muku. Kuskurena ne."

Ranar Asabar mota ba ta zo ba. Aikin masauki aka ba wani daga Kano. 'Yan tasha suka laƙaba masa Ila Hayaƙi, sunan ya bi shi har Damagaram. Ya koma kwanciya ƙarƙashin motoci da gwiwoyin nan nasa, har ranar da suka ƙi ɗaga shi. Kuma tun daga ranar, ban sake jin ya ce wayarsa ba ta taɓa hayaƙi ba. Ko sau ɗaya. A wurin aski in direbobi suka tsokane shi, sai dai ya yi murmushi ya dubi sama.

Washegarin gobarar na same shi a nan, hannu ɗaure da tsumma, yana warware ƙonanniyar wayar taransifoma yana ware mai sauran amfani. Na durƙusa.

"Baffa, zan je Maigatari in gaya wa Alhaji gaskiya."

"Ka ce masa me? Ka mai da ni mai hayaƙi jiya, yau kuma ka mai da ni maƙaryaci?"

"Amma sunanka, Baffa..."

"Nawa ya yi lodi ya sauke, ya yi lodi ya sauke. Naka ko tasha bai bari ba. Riƙe min bakin wayar nan, kana ɓata min lokaci."

Na riƙe. Kuma abin da ya fi ba ni kunya har yau, daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni cewa na tsira. Ban sake tayar da maganar ba. Da aka zo ɗaurin aure, Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Kai kana da nutsuwa, ka riƙa lura da tsohon nan, ya fara rikicewa." Na ce, "To, Alhaji." To na ce! Daga baya na ɗauko takardar dimar nan da na yi masa gadara da ita, na karanta har ƙasa. Ga shi nan da ƙananan baƙaƙe, kada a haɗa da taransifoma. Ni mai karatu ban karanta ba, shi da bai san bihim ba ya shinshino.

Kada ku zaci ya bar ni haka nan, Baffa ne fa. Dimar ta ƙone, amma ɗan murɗin bai ƙone ba, kuma a gidan nan ba a yar da abu. Ya ɗaura shi a murfin butar shayinsa da mariƙinta ya karye. Kullum na zo gaisuwa, sai ya turo min butar gabana ya ce, "Zuba mana, Akawu, kai ka san kan abin nan." Sannan kun tuna yadda yake ɗaga yatsu biyu ya murɗa iska in ina magana? In na fara cika baki a taro, ko na soma haɗa Hausa da Turanci, sai in ga yatsun sun tashi: "Rage, Akawu. Rage." Ku kuna dariya kuna cewa halin Baffa ne, ni kuwa na san abin da yake tuna min. Har a ciwon ajalinsa, ina zaune gefensa ina ta alkawura, zan kai shi Kano, zan nemo babban likita, na san wane na san wane. Ya buɗe ido da ƙyar, ya ɗaga yatsu biyu ya murɗa. Na yi dariya, na fita tsakar gida na yi kuka.

Jiya na tara ƙarfin hali na gaya wa Hajiya Rabi, ina jiran ta zabura. Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. Ta ce Inna Kande ta gaya mata tun tana amarya, jira kawai take ta ga yaushe zan faɗa da bakina. Ta ce, "Ka daɗe a hanya, Malam." Ban iya cin tuwon dare ba.

To kun ji. Jan wayar nan da kuke saukewa, daga naɗin Gagarawa take, wanda ya saya don masaukin da bai samu ba, da ita ya sake wayarin zauren nan bayan gobarar. Ku duba ta da kyau, shekara nawa, ko baƙi ba ta yi ba. Ina roƙonku, manya da yara, daga yau kada wanda ya sake cewa Ila Hayaƙi. In bakinku ya saba, ga Habu nan zaune, ku kira ni da shi, zan amsa. Wayarsa ba ta taɓa hayaƙi ba. Ni na ce, kuma da ma na ce tun yana ji.

Allah ya jiƙan Baffa, ya jiƙan Inna Kande. Yadda ya rufa min asiri a ƙofar gidan nan, Allah ya rufa masa nasa ranar da ba mai rufawa sai Shi. Allah ya sanyaya hannun nan da ya ƙone domina, ya haskaka kabarinsa da cikakken haske. Ku ce amin.

Kai, Sani, kada ka jefar da guntun wayar nan. Nannaɗe shi ka miƙo min.